Zinare a Jinin Shanu

Litinin, 2 ga Satumba, 2024

Yau aka kawo ta. Dokta Zarami, shugaban ɗakin gwajinmu, ya shigo da ita yana irin murmushin da yake yi idan zai yi wa mutum abin da ba ya so. "Ya Fanne, ga 'yarki Dokta Ramlat, daga jami'a." 'Yata? Ni ban haife ta ba.

Ba ta wuce talatin da biyu ba. Ni kuwa shekara ashirin da shida ke nan ina kan kujerar nan a bayan kara, kasuwar shanu, ido a kan madubin ƙara girman abu, ina neman ƙwayar cutar sammore a jinin shanu. Duk saniyar da ta hau tirela zuwa Kudu da takardar lafiya, idona ne ya ba ta.

Ta zo da akwatuna uku da wata 'yar kwalba da ta rungume kamar jariri. Jan ruwa ne a ciki, kamar zoɓon da aka cika wa ruwa. Wai zinare ne. Wai idan aka mayar da shi ƙanana ƙwarai, yadda sai an jera dubu biyu kafin su kai kaurin silin gashi, ja yake komawa. Na sani. Masu yin gilashi mai launi sun san haka tun ɗaruruwan shekaru, na karanta kafin ta gama firamare. Na dai bar ta ta yi ta bayani don in ga iyakarta.

Zarami ya ce wata uku za a gwada, hanyarta da tawa, a kan jini ɗaya. Wadda ta fi, ita ma'aikata za ta ɗauka. Bai faɗi inda za a kai mai hanyar da ta faɗi ba. Ba sai ya faɗa ba. Sito. Gadin kwalaye har in yi ritaya.

Kujerata suke so. Sun dai rasa yadda za su ce tashi, shi ne suka yo odar zinare.

Talata, 3 ga Satumba

Ta goge teburina ba ta tambaye ni ba.

Laraba, 4 ga Satumba

Ranar kasuwa. Kukan shanu tun da safe, ƙudaje, dillalai a bakin taga kowa na ce a fara da nasa.

Ta matsa sai na leƙa madubinta. Nawa fili fari yake nunawa, ƙwayar cuta na wutsil-wutsil tsakanin ƙwayoyin jini kamar ɗan kifi. Nata baƙi ne wuluk, haske ta gefe yake shiga, sai ɗige-ɗige kore shar suna ta rawa. Kowane ɗigo ƙwayar zinare ɗaya ce. Ta ce an shafa musu wani abu da ba ya manne wa komai sai jikin ƙwayar sammore. Idan babu cuta, suna nan a warwatse, kore. Idan akwai, sai su taru a kanta, kuma da zarar sun haɗu da juna sai haskensu ya koma ruwan goro.

"Ko ƙwaya ɗaya ce a gilashin, Ya Fanne, za ta haska kamar fitila."

Na ce to, madalla.

Jini goma sha huɗu muka duba. Na ce biyu na da cuta. Ita ma biyu, kuma su ɗin dai. Ta yi ta murna. Ni ban ga abin murna ba, don littafina a buɗe yake a kan tebur duk tsawon lokacin. Daga gobe zan riƙa kifa shi.

Alhamis, 5 ga Satumba

Wai kada in ƙara cin gyaɗa mai gishiri kusa da teburinta. Gishiri ne babban maƙiyin zinaren, ko burbushi ya faɗa sai ƙwayoyin su dunƙule ba tare da cuta ba. Ta faɗa cikin ladabi, har da durƙusawa kaɗan. Ladabin ne ma ya fi ba ni haushi. Abin da burbushin gyaɗa zai ruɗa, shi za a ba amanar shanun Potiskum?

Na cinye gyaɗata a bakin ƙofa, a tsaye, kamar baƙuwa.

Laraba, 11 ga Satumba

Littafina a kife. Ashirin da biyu, mun sake dacewa. Ban san yadda take yi ba. Ko Zarami ne ke faɗa mata?

Wani abu kuma da na ji yau daga bakin mai keken da ke kai ni gida a unguwar Dogo Tebo. Ashe 'yar Alhaji Babaji ce, Bakanon nan mai shagon maganin dabbobi a bakin kasuwa. Rabin allurar sammoren da ake yi wa shanu a garin nan daga shagonsa take fitowa. Uba na sayar da magani, 'ya ta zo da na'urar da ke cewa ga cuta.

Na dai rubuta a nan.

Juma'a, 13 ga Satumba

Gilasanta na ɗiga jini sun ƙare. Kwali biyu kawai ta zo da su, sababbi, irin waɗanda ake amfani da su sau ɗaya a yar, kuma waɗanda ta yi oda ba su iso ba. Ta zo tana murza hannu. Na buɗe durowa na nuna mata nawa, ɗari uku, wasu sun girme ta a aiki, kowanne na ƙyalli babu ko tabon mai.

Ta ɗaga ɗaya a haske. "Kai, sun fi sababbi tsabta. Ya Fanne, da me ake wanke su?"

Ji tambaya. Na ce da ruwa mana, da me kike so a wanke, da madara?

Ba zan tsaya ina yi wa 'yar jami'a bayanin bokitin marigayi Malam Adamu ba, ta je ta rubuta a rahotonta cewa a Potiskum da kayan miya ake wanke gilashi. Shi ya koya mini shekarar da aka yi wata takwas ba a kawo mana sabulun ɗakin gwaji ba: jiƙa su kwana ɗaya a ruwan kanwa, ɗauraya sau ɗaya, shanya a inuwa. Babu man da ke tsayawa. Babu shi a littafi ko ɗaya, kuma bai taɓa ba ni kunya ba. Bokitin na bayan ɗaki, ƙarƙashin dalbejiya, inda ba ta zuwa.

Laraba, 18 ga Satumba

To, yau dai ta fashe.

Alhaji Kyari ya kawo bijimai talatin da zai loda zuwa Legas. Mutumin da na sani tun yana yaron dillali. Shanu masu ƙiba, ido garau, hanci a jiƙe. Na duba ɗaya bayan ɗaya: babu komai. Ita kuma madubinta ya kama da wuta. Ashirin da bakwai cikin talatin, ruwan goro ko'ina.

Kyari ya leƙo ta taga, ya gaishe ni da yarensu. "Wushe, Ya Fanne. Me nake ji? Wai shanuna ba su da lafiya? Waɗannan da suka kusa karya mini ƙafa da safe?" Na ce ni dai idona bai ga komai ba, Alhaji, ka tambayi zinare. Ya ce wane ne kuma Zinare, sabon likita? Dillalai suka kwashe da dariya. Ita ba ta yi ba.

Zarami ya ƙi sa hannu. Wai sakamako biyu sun saɓa, ba zai iya ba. Tirela ta tafi da shanun wani. Idan aka bi ta zinare, sai an yi wa ashirin da bakwai allura, a jira makonni kafin a yanka su. Allurar daga shagon wa?

Na tambaye ta haka, a gaban Zarami. Ta dube ni kamar na mare ta.

Alhamis, 19 ga Satumba

Na rubuta wa ma'aikata a Damaturu. Shafi huɗu, da hannuna, babu gogewa ko ɗaya. Na kawo lambobi. Na kawo abin da na karanta a mujallun bincike a kan gwaje-gwajen da ke kyau a ɗaki mai sanyi su lalace a fili. A shafi na huɗu na kawo shagon mahaifinta. Ban ce ta yi ba. Na ce a duba.

Na ba direban da ke zuwa Damaturu. Ya bugo daga Damagum wai taya ta fashe, na ce ko da ƙafa ne ya kai ta yau.

Litinin, 23 ga Satumba

Ba ta zama. Ta auna sanyin firij sau uku. Ta buɗe sabuwar kwalbar zinare. Ta canja ruwan da take sirkawa da shi. Ta buga wa wani malaminta waya suna ta Turanci. Duk jinin da ta ɗiga, ruwan goro. Har jinin ɗan maraƙin da aka haifa shekaranjiya.

Wasan kwaikwayo, in ji zuciyata. Sai dai ban taɓa ganin mai wasan kwaikwayon da ke mantawa da cin abinci ba. Kular da ta zo da ita haka ta koma da ita.

Laraba, 25 ga Satumba

Amsa ta zo. Mutum uku za su zo ranar Alhamis, uku ga wata mai zuwa. An dakatar da gwajinta har sai sun zo. An kuma aika wa jami'arta kwafin takardata. Wannan ban nema ba.

Zarami ya kira ni ofis. "Ya Fanne, da kin tsaya a kan lambobi. Shafi na huɗun nan zai iya kashe mata aiki gaba ɗaya." Na ce nawa aikin fa, Dokta, da kuka zo kashewa da murmushi? Ya ce wa ya ce za a taɓa ki? Na ce ba a faɗa, yi ake yi.

Kyari kullum yana kan bencin waje, bijimansa na cin dusa a kara suna ramewa. Ya ce mini, "Ke dai kin ce lafiyarsu lau ko?" Na ce ko a gaban alƙali.

Alhamis, 26 ga Satumba

Ta gaishe ni da safe kamar kullum. Me take nufi da haka?

Asabar, 28 ga Satumba

Ban so rubuta wannan ba.

Da hantsi ina haɗa zoɓo a gida, na ɗanɗana ya cika tsami, na ɗauko 'yar kanwa na jefa kamar yadda nake yi tun ina budurwa. Ja ya juye ya yi duhu, shuɗi-shuɗi, a gaban idona. Na tsaya da ludayi a hannu.

Na san ba abu ɗaya ba ne. Zoɓo fure ne, wancan ƙarfe ne, dalilin juyewar launinsu daban. Ni ba jahila ba ce. Amma kanwa mece ce in ba gishiri ba? Gishirin ƙasa, mai ƙarfi ma. Ɗauraya sau ɗaya. Shanya a inuwa. Abin da ya bushe a jikin gilashi ido ba ya gani, kuma bai taɓa damun aikina ba, don ni siffar ƙwaya nake nema, ba launin zinare ba.

Yaushe gwajinta ya fara hauka? Na ɗauko kundin nan na koma baya. Sha uku ga wata na ba ta gilasai. Sha takwas, shanun Kyari.

Ukun da suka fito kore fa? Na tuna ta ce ta tsinci ragowar sababbi guda uku a ƙasan akwati.

A'a. Zato ne kawai. Zoɓon ma na zubar.

Litinin, 30 ga Satumba

Na riga kowa zuwa. Na san inda take ajiye makullin firij, ai ina lura da ita fiye da yadda take tsammani. Kwalin sababbin gilasanta ya iso ranar Juma'a, yana nan ba a buɗe ba tunda an dakatar da ita. Na farke shi.

Ɗigon zinare a sabon gilashi, babu jini. Na kunna madubinta, na gane kansa, ba wani abin wahala ba ne. Kore. Suna rawarsu hankali kwance.

Ɗigon zinare a gilashina, babu jini, babu saniya, babu komai. Kafin in daidaita ido ya fara. Ina kallo suna rugawa suna manne wa juna, kore na komawa rawaya, rawaya na komawa ruwan goro. Ko a ido ma, ɗigon ya tashi daga ja ya koma shuɗi.

Na sake da gilashi biyar. Biyar.

Ta tambaye ni. Da bakinta ta tambaye ni, na ce da madara.

Na wanke komai, na mayar da makulli. Da ta shigo ta ga kwalin a farke, ta dube ni, na ce ɓera ne. Ɓera! Shekara hamsin da uku a duniya.

Talata, 1 ga Oktoba

Hutu. Babu wanda ya san da bokitin nan sai ni da Malam Adamu, shi kuwa yana kabari.

Laraba, 2 ga Oktoba

Na yi ta lissafi yau ina duba jini. Idan na yi shiru: gobe za su zo, ta gwada a sababbin gilasai, ya fito daidai, su ce to me ya faru ranar sha takwas? Ba ta da amsa. Gwajin da yau ya yi daidai gobe ya yi hauka ba tare da dalili ba, babu mai ɗaukarsa. Ga shafi na huɗu a gabansu. Ta tattara akwatunanta, ni in ci gaba da zama a kujerata har ritaya.

Idan na yi magana: tsohuwar da ke wanke kayan gwamnati da kanwa, ta ɓoye, ta kuma yi wa 'yar mutane ƙazafi a rubuce. Sito ma alfarma ce.

Lissafin a bayyane yake. Ban san me ya sa na kasa cin tuwo ba.

Da la'asar na wuce ta gaban shagon Alhaji Babaji a keke. Dattijo ne ashe, siriri, yana zaune yana karanta jarida da tabarau mai ƙafa ɗaya. Ya ɗaga mini hannu. Bai san ni ce ba, ko kuwa ya sani?

Alhamis, 3 ga Oktoba

Sun zo ƙarfe goma, maza biyu da mace ɗaya, da takardata a cikin fayil. Aka ce in fara, tunda ni ce mai ƙorafi. Na ce a ba ni minti biyu. Na zaga baya na ɗauko bokitin da ruwansa da gilasan da ke jiƙe a ciki, na dire a kan tebur, a kan fayil ɗin ma saura kaɗan.

Ban tuna duk abin da na ce ba. Na san dai ban roƙi kowa ba. Na ce ga kanwa, ga gilashi, ga zinare, ku ɗiga ku gani. Suka ɗiga. Babban cikinsu ya daɗe a kan madubi, ya ɗago ya ce, "Hajiya, shekara nawa kina haka?" Na ce tun kafin ka fara aiki, kuma babu saniyar da ta mutu a hanya da takardata. Macen ta ce shafi na huɗu fa? Na ce na janye shi. Ta ce janyewa kawai? Na ce zaton ƙarya na yi, ku rubuta haka, ku aika wa jami'arta da sa hannuna.

Sai Ramlat ta tashi. Ta zo ta tsoma yatsa a bokitin, ta ɗanɗana a harshe, sai ta zauna a ƙasa ta fashe da dariya, dariyar ta koma kuka. Ban san inda zan sa idona ba.

Aka sake ɗibar jinin shanun Kyari, duka talatin, a sababbin gilasai. Ashirin da takwas kore.

Biyu ruwan goro.

Na ce ba zai yiwu ba, waɗannan na duba su da kaina. Ta matsa gefe ta ce, "Zo ki gani, Ya Fanne." Na leƙa. A tsakiyar baƙin filin ga ƙwayar nan, guda ɗaya tak, zinare ya bi jikinta tun daga kai har bulalar wutsiya, tana lanƙwasa tana haske. Shekara ashirin da shida ina farautar abin nan a matsayin inuwa mai gilmawa. Ban taɓa ganin fatar gefenta tana kaɗawa haka ba, kamar bakin mayafi.

Na koma nawa madubin da jinin bijimin. Minti arba'in kafin na samu ɗaya. A ranar kasuwa minti uku nake ba kowane gilashi.

Juma'a, 4 ga Oktoba

Takardar gargaɗi, ta farko a fayil ɗina. Na karanta, akwai kuskuren rubutu biyu a ciki.

An ƙara wa gwajin wata uku. Maganar kujera ba a yanke ba. Zarami ya ce Ramlat ta gaya musu zinare haske kawai yake yi, ƙura ma tana haske, sai an samu idon da ya san siffar ƙwaya kafin a ce cuta ce, kuma ita ba ta da wannan idon tukuna. Me take nema a wurina da wannan magana? Ina nan ina lura.

Asabar, 5 ga Oktoba

Na je shagon Alhaji Babaji. Na sayi maganin ƙuma da ba na buƙata, na faɗi abin da ya kai ni, maganar shafi na huɗu. Ya ce Allah ya yafe mana baki ɗaya, Hajiya, ya sa aka kawo mini kujera da ruwa. Da ya zage ni da ya fi mini sauƙi.

Laraba, 9 ga Oktoba

Bijimai ashirin da takwas sun hau tirela. Biyu na kara, an yi musu allura.

Yau rabin yini a madubinta na zauna, nawa na rufe da ƙyalle saboda ƙudaje. Don in kama kuskurenta ne kawai, kuma na kama ɗaya: ta ɗauki zaren auduga a matsayin ƙwaya. Na nuna mata bambancin. Ta rubuta a littafinta.

Bokitin na kai gida. Kanwa ta koma kicin, inda babu mai yi mata tambaya.

Kyari ya dawo yana faɗa a taga, wai mako uku aka ɓata masa saboda ruwan zoɓon yarinya. Na ce Alhaji, bokitina ne ya ɓata maka, ka sani, kowa a kara ya sani. In kana da magana ga ni, kada ka ƙara ɗaga wa 'yata murya.

Bakina ne ya zame. Ta ji, na ga ta sunkuyar da kai a kan madubi.

Gyaɗar dai har yanzu a bakin ƙofa nake ci. Yau ta fito ta tsaya kusa da ni, na miƙa mata, ta ɗiba. Na sa ta wanke hannu sau biyu kafin ta koma ciki.